Ku Tambaya Mu Amsa: In Bam Ya Tashi, Ina Za Ka Nufa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka ɗan taɓo maganar bama-baman da Jos ta sha a fitowar da ta wuce, saƙonni suke ta shigowa kusan duk a kan abu ɗaya. Na zaɓi biyar, na datse wasu saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni gwanjon takalma nake sayarwa a bakin titi wajen kasuwar Taminus. Kwanaki tayar wata babbar mota ta fashe kowa ya ɗauka bam ne, ni dai na bar kayana na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, amma da na waiga sai na ga wasu can ɗin suke nufa a guje har da masu ɗaga waya. Da na koma gida na ba Babanmu labari sai ya ce ni matsoraci ne, wai da na gaske ne haka zan bar 'yan uwana kwance cikin jini? Wai in kwana bai ƙare ba ba abin da zai same ni. Maganar ta tsaya min a rai wallahi. Wa ya fi gaskiya tsakanina da shi?
Wani matashi, Gangare

AMSA: Ɗana ba na son shiga tsakanin ɗa da mahaifi, amma tunda ka tambaya, a wannan karon ƙafarka ta yi daidai. Babanku zuciyarsa mai kyau ce, kuma irin wannan zuciyar ce mai dasa bam yake lissafi da ita.

Tunda a Taminus kake, tambayi manyan da ke kusa da kai labarin ranar Talata 20 ga Mayun 2014. Da rana tsaka kasuwa ta cika bam na farko ya tashi a cikin mota, mutane suka yi abin da Babanku yake so ka yi, suka ruga suna jan waɗanda suka ji ciwo, masu keke suna lodi, wasu suna neman 'yan uwansu, wasu kuma gaskiya kallo ne kawai ya kai su. Kamar minti ashirin zuwa talatin bayan nan na biyu ya tashi kusa da wurin, wajen tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ya tarar da jama'a a cunkushe. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce aƙalla mutum 118 ne suka rasu, da yawansu mata 'yan kasuwa, kuma cikin mamatan akwai waɗanda na farko bai taɓa su ba, taimako ne ya kawo su. Ba tsautsayi ba ne aka samu tazarar nan tsakanin na farko da na biyu, da gangan aka bar ta don a jira mu taru.

Kuma ba Boko Haram kaɗai ke wannan dabarar ba. Ranar 1 ga Oktoban 2010 a Abuja, ana bikin cika shekara 50 da samun 'yanci, motoci biyu ne suka tashi kusa da dandalin Eagle Square, ta biyun 'yan mintoci bayan ta farko lokacin da mutane suka fara matsowa, kuma wannan ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ce ta ɗauki alhaki. A Nyanya an kai hari tashar mota ranar 14 ga Afrilun 2014, sama da mutum 70 suka mutu, ranar 1 ga Mayu aka sake dawowa kusan wuri ɗaya. Mu ma nan 11 ga Disamban 2014 aka sake dawo mana yankin Taminus da wasu tagwayen. Wato dai sun san mu sarai, sun san ba ma iya tsallake mutum a kwance, sun kuma san muna da shegen son kallo.

Toh sai a bar mutane su mutu kenan? A'a. Amma ka tambayi kanka, cikin masu rugawar nan nawa ne suka san yadda ake tsayar da jini? Yawanci sai su yi da'ira su toshe hanya, motar asibiti ta zo ta rasa ta inda za ta shiga. In abin ya rutsa da kai kana kusa, ka fara zubewa ƙasa ka kare kanka da hannu, in ƙarar ta lafa ka bar wurin da ƙafa, ka nisanci motocin da aka faka da duk wata jaka ko leda da ba ka san mai ita ba. In akwai wanda ya ji ciwo dab da kai kuma za ka iya jansa, ja shi ku fita tare, ba wai ku zauna a nan ba. Inda jini ke zuba ka cire rigarka ka danne da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in ƙarfe ya shige jikinsa kar ka zare, kuma duk yadda yake roƙon ruwa kar ka ɗura masa, mai yiwuwa tiyata za a shiga da shi. Wannan na ruwan yana mana wuya don mu a wajenmu ba mai jin jiki ruwa tausayi ne, amma a daure. A kira 112, gida kuma a tura musu tes maimakon kira, don lokacin layi cushewa yake.

In kana nesa ka ji ƙara, kar ka zo. Kana son lada? Wuce asibiti, JUTH ko Plateau Specialist ko Jankwano, ka ce ka zo ba da jini. A irin ranakun nan jini ne ke fara yankewa, leda ɗaya ta jininka ta fi tsayuwarka ta awa uku a bakin wurin amfani. Ka kuma sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Batun kwana kuwa, gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma ka tuna wa Babanku cikin ladabi, ba da sigar musu ba, hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali.

TAMBAYA: Malam dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana yana masallacin 'Yan Taya daren da aka kai hari ana tafsiri, Allah ya yi da sauran kwanansa ko ƙwarzane bai samu ba. Amma tun daga lokacin ba shi ne ba. Ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura, Disamba in yara suka fara fasa nokawut ba ya barci, Juma'a sai ya tsaya can ƙarshen sahu bakin titi, ga saurin fushi da yara wanda da ba haka yake ba. Danginsa sun ce iska ce, an yi ruƙiyya an sha rubutu, wani yayansa kuma ya ce raunin imani ne kawai. Shekaru sun ja, na gaji Malam amma ina tausayinsa.
Wata uwa, Dilimi

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Wanda bai sani ba, daren 5 ga Yulin 2015 take nufi, cikin azumi, lokacin da aka kai hari masallacin 'Yan Taya inda Sheikh Sani Yahaya Jingir yake tafsiri, aka kuma tayar da wani bam a gidan abinci na Shagalinku da ke titin Bauchi. Mutum 44 aka ce sun rasu a wurare biyun. Su aka ƙirga. Irin mijinki da suka tashi suka kakkaɓe riga suka tafi gida ba wanda ya ƙirga su, kuma suna da yawa a garin nan, Musulmi da Kirista.

Abin da kika lissafa, zabura, rashin barci, gudun cunkoso, saurin fushi, wataƙila har da mugun mafarki da bai gaya miki ba, duk alamomi ne na ciwon da likitoci suka sani sarai, firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. Kusan kowa yana jin haka a kwanakin farko kuma yawanci yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa, ya zama abin zuwa asibiti. Sojojin da suka dawo daga fagen daga ma yana kama su, su da aka horar, balle mutumin da ya je sauraron tafsiri da carbinsa a hannu.

Shi yayan nasa mai cewa raunin imani, ina ma zai karanta wannan. Mutumin da bam ya tashi a gabansa cikin masallaci amma har yau yana zuwa Juma'a, ko da ƙarshen sahu ne, shi za a ce wa mai raunin imani? Haba. Irin maganganun nan ne suke sa mazanmu su haɗiye abu su yi shiru, daga nan wasu su koma kemis suna sayen maganin barci ba bisa ƙa'ida ba, a fita daga wata matsalar a faɗa wata.

Ban ce a daina addu'a ba, a ci gaba. Amma akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a JUTH, kuma abin da ake yi wa irin wannan yawanci zama ne da ƙwararre ana magana daki-daki, wani lokaci a haɗa da magani. Ana samun sauƙi ko an daɗe. Na san inda gizo ke saƙa, da kin ambaci sashen nan zai ce kin mai da shi mahaukaci. Toh kar ki fara ta nan. Ki ce masa rashin barcin nan ne ya dame ki, ku je a duba hawan jini, in kun shiga wajen likita ki faɗi komai tun daga daren, likitan zai san inda zai tura ku. In akwai abokinsa ko malaminsa da yake jin maganarsa, ki bi ta wajensa. Yaran kuma ki zaunar da su ki gaya musu Babansu ba tsanarsu yake ba, ciwo ne.

TAMBAYA: Malam ni admin ne a wani guruf na unguwa. In abu ya faru ina tura hotuna da bidiyo da sauri don mutane su ankara, wasu suna zagina wai ina tada hankali. Laifi ne sanar da jama'a?
Wani ɗan uwa, Rikkos

AMSA: Sanarwa daban, watsa gawa daban. "An ji ƙara wajen kaza, a guji hanyar", wannan sanarwa ce, ta isa. Amma hoton mutum a yayyage me zai ƙara wa wanda ke Bukuru in ba tafasar zuciya ba? Ka taɓa tunanin wata uwa a waya za ta fara ganin ɗanta kafin kowa ya zo mata da gaisuwa?

Sannan ka tabbata hoton na ranar ne, na garin nan ne? A rikicin Barikin Ladi na Yunin 2018 an yi ta yaɗa wasu munanan hotuna a Facebook ana cewa na nan ne, daga baya binciken BBC ya gano ɗaya daga ciki ma daga Kongo yake, na shekarun baya, kuma 'yan sandan Filato da kansu sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar da ta ci matafiya a kan hanya. Muryar nan ta "wani ɗan uwana soja ya ce an shigo da motoci bakwai" ita ma haka, ba mai ita ba ranar da aka yi ta, duk shekara sai ta dawo. Ai ba mu manta daren da aka tashe mu wanka da ruwan gishiri saboda Ebola a 2014 ba. In abu ya faru ka kulle guruf ɗin na 'yan awanni kai kaɗai ke turawa, kuma abin da ka tabbatar kawai. Masu zaginka sun fi ka gaskiya a nan, ka yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaci ne, gidana na kaina yana unguwar da muke cakuɗe da Kiristoci, shekara da shekaru muna zaman lafiya. Amma duk lokacin da aka ce wani abu ya fashe ko a wane gari ne, sai in ga kallon da ake min ya canza, gaisuwa ta ragu. Uwargida ta matsa in sayar mu koma cikin 'yan uwa. Ni kuma ina jin kunyar maƙwabcina da muka yi shekaru muna cin abincin sallah da na Kirsimeti tare. Me ka gani?
Wani magidanci, Jos ta Kudu

AMSA: Alhaji wannan tambayar ba zan yanke maka ita ba, don ni ba zan kwana a gidan ba. Tsoron uwargida ba na banza ba ne. Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da yake biyo bayan bam wani lokaci ya fi bam ɗin muni. Jajibirin Kirsimetin 2010 da aka tayar da bama-bamai a Kabong da Unguwar Rukuba, kwanakin da suka biyo baya faɗa ne ya ɓarke. A 2012 an kai hari hedikwatar cocin COCIN ranar 26 ga Fabrairu, aka kai na cocin St. Finbarr's a Rayfield ranar 11 ga Maris, kuma bayansu matasa sun huce a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, masu acaba da masu wucewa. Namu matasan ma in abin ya juyo ba waliyyai ba ne, an tare hanya a unguwanninmu an yi abin kunya, kar mu yi kamar ba mu sani ba. Tun daga rikicin 7 ga Satumban 2001, sai na 2008 da na 2010, garin ya yi ta rabewa, mutane har musayar gida suka riƙa yi, kowa ya koma cikin nasa.

Amma ga abin da nake gani. Mai kai bam coci a Jos ba mutanen cikin cocin kaɗai yake nema ba, so yake a fito a kashe irinka a hanya, don gobe ya samu yaran da zai ce wa kun gani ko. Da bam ɗin Taminus ya tashi a 2014 kowa ya riƙe numfashi ana jiran gari ya kama da wuta, an ɗan yi ƙoƙarin tare hanyoyi amma ba a ga irin ɓarkewar da aka ji tsoro ba, wani ɓangare saboda gawarwakin da aka kwasa na kowa ne, mai tumatir da mai gwanjo, mai hijabi da mai zuwa coci.

Mu ma akwai abin da ya kamata mu daina. Da an ce bam sai ka ji "ai ba Musulmi ba ne, shiri ne, gwamnati ce". Maƙwabcinka da ya binne ɗansa in ya ji haka, ji yake kamar ana kare wanda ya kashe shi. Alhali 'yan Boko Haram ɗin nan su ne suka kashe Sheikh Albani Zariya a farkon 2014, a shekarar aka kai wa Sheikh Ɗahiru Bauchi hari a Kaduna rana ɗaya da Buhari, aka kuma kashe sama da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba. Ba mu da dalilin yi musu kara. A ce Allah ya tsine wa wanda ya yi, a je gaisuwa, shi kenan.

In ka yanke zama, kar ka zauna a kan fatan alheri kawai. Dubi Dadin Kowa, unguwa ce cakuɗaɗɗiya da ta tsallake manyan rikice-rikicen nan, kuma ba sa'a ba ce zalla, dattawa da mata da limamai da fastoci ne suka zauna suka yi alkawari kowa zai riƙe nasa yaran, aka riƙa sintiri tare. Ka je wajen maƙwabcin nan yanzu da ake lafiya ku yi maganar a fili, in abu ya tashi wa zai kira wa, yara ina za su shiga, wane dattijo ne matasan kowane ɓangare suke jin kunya. Kallon da kake cewa ya canza, mai yiwuwa shi ma tsoro yake ji yana jiran ka fara magana. In kuwa ka duba ka ga unguwar ba ta da irin waɗannan dattawan, toh ka saurari uwargida, ba wanda zai zarge ka.

TAMBAYA: Baba ni ɗaliba ce. Abin da ke ban mamaki shi ne yadda ake komawa kasuwa washegari kamar ba a yi komai ba. Rashin tausayi ne ko me?
Wata ɗaliba, Unguwar Rogo

AMSA: 'Yata yunwa ce. Mai sayar da ganye a bakin Taminus in ba ta fito yau ba, yau ɗin ba a ɗora tukunya, ba ta da albashin da zai jira ta ta gama makoki. Kuma ki tambaya me ya sa suke bakin titi tun farko: babbar kasuwar ta ƙone tun Fabrairun 2002, shekaru suka yi ta wucewa ba a mayar da ita yadda take ba, dubban mutane suka koma kasa kaya a gefen hanya inda kowace mota za ta iya fakawa a tsakiyarsu. Bayan harin Mayun 2014 an hana kasa kaya a wurin, an kora, sun dawo, don ba a ba su inda ya fi ba.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba abin da ya canza. Ke ƙila kin taso kin tarar ana tare titi ranar Juma'a da Lahadi, 'yan agaji suna shafa wa mutane na'ura a ƙofar masallaci, coci-coci suna hana shiga da manyan jakunkuna, kin ɗauka haka duniya take. Da ba haka ba ne, shekarun nan ne suka koya mana. Abin da ni yake damuna ba komawa kasuwa ba ne, saurin sakin jiki ne, wata biyu ana bincike kamar gaske daga nan na'urar batirinta ya mutu a ci gaba da shafa ta haka nan don ido. Da kuma waɗanda aka bari da jinya. A 2014 gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa ƙarƙashin Janar T.Y. Ɗanjuma, aka yi alkawarin sama da naira biliyan 50 a wajen ƙaddamarwa, amma ki zagaya unguwanni ki tambayi masu yawo da ƙarfe a jiki ko waɗanda kunnensu ya mutu wa ke saya musu magani yau, amsar da za ki fi ji ita ce dangi. In a layinku akwai irinsu, ki fara da leƙa su.

Mai tambaya a kan kuɗin haya da ejan ya riƙe, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.